RA'AYINMU: SABON ZAMANI YA ZO, LINZAMINSA A HANNUN WA?

Jama'a, a 'yan shekarun nan ba abin da a ke cika mana kunne da shi a rediyo kamar zancen sabon zamani. An ce kuɗi za su bar aljihu su koma cikin waya. An ce mota za ta daina shan fetur ta koma shan lantarki. An ce rana za ta ba gona ruwa, sabon jirgin ƙasa zai keta ƙasar Hausa har Maraɗi, kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta riƙa yin lissafi da rubutu a madadin malamin ofis. Masu faɗin haka suna faɗi da fara'a, sai ka ce masu albishirin haihuwa.

To, mu dai ba mu ƙin ci gaba. Wanda ya taɓa yini yana jan jigo a fadama ba zai zagi injin ban-ruwa ba, wanda kuwa ya taɓa kwana a hanya da kuɗin kifi ɗaure a ƙugu, yana tsoron 'yan fashi, ba zai raina tura kuɗi ta waya ba. Amma mu mutanen Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Guri da Kirikasamma, ba yau muka fara ganin sabon zamani ba. Ya sha zuwa mana cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, ko wane zuwa kuma darasi ɗaya ya ke bar mana, watau in an yanke shawara talaka ba ya wurin, to shi zai biya kuɗin. Sabo da haka bari mu waiwaya baya kaɗan kafin mu dubi gaba.

JIRGIN DA YA BI TA GEFE

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga can aka ja masa reshe ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya kai Nguru a 1930. Ku dubi inda ya bi. Bai shiga birnin Haɗejiya ba, mai sarauta da ganuwa da tsohuwar kasuwa. Ya bi ta kan tudu, ta ƙasar yashi, domin don gyaɗa aka shimfiɗa shi, ita kamfanonin Turawa su ke so a kai musu bakin teku. Nan da nan Malam Madori ta zama gari, kantuna suka tashi a gindin tasha, dillalai da 'yan awo suka tare a can. Fatake masu jakuna da raƙuma, waɗanda kakanninsu suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Borno, suka wayi gari ƙarfe ya karɓe musu sana'a.

Ba mu ce jirgi bai yi amfani ba. Ya yi. Manomi ya sami mai sayen gyaɗarsa, ya ga kuɗi a hannu. Amma wa ke yanka farashi? Da farko kamfanoni, daga baya kuma Hukumar Ciniki, wadda ta riƙa saye da araha a nan tana sayarwa da tsada a Turai, rarar kuwa ta tafi inda manomi bai sani ba. Manomi da noma, wani da riba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, jirgin Nguru kuma ya rasa abin da aka gina shi dominsa. Hanyar da aka yi don kayan wani, ran da wanin ya daina bukatar kayan, ita ma ta zama marainiya.

RUWAN DA AKA ƊAURE

Na biyu ya fi na farko zafi, gama ya taɓa abin da mu ke rayuwa a kansa. Tun kaka da kakanni, Kogin Haɗejiya ya kan cika da damina ya malala cikin fadama, sa'an nan ya janye da kaka. A kan wannan cika da janyewa komai namu ya ke tsaye. Da ruwa ya zo a shuka shinkafa, kifi ya shiga fadama ya hayayyafa. Da ya ja baya a bi danshinsa da wake da kabewa da sauran kayan rani, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, masunta su yi su, masu saƙa su yanki kaba. Gona ɗaya ta kan ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara ɗaya, kowa da lokacinsa.

A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Waɗannan koguna biyu su ne su ke haɗuwa su zama kogin namu. Birnin Kano ya sami ruwan sha, Kura da Kadawa suka sami noman rani, ba mu yi musu hassada. Amma ambaliyar nan mai albarka ta ragu, fadamu da yawa suka bushe. Ruwan da a ke saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuwa ya hana magudanai bushewa da rani, sai ciyawar kachala ta sami wurin zama, yashi da laka suka taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. Yau ga abin mamaki: wani ƙauye yana kukan ruwa ya cinye masa gona shekara da shekaru, wani a ƙasa da shi yana kukan bai ga ruwa ba. Kachala ta zama gidan jan-baki, tsuntsun da ke cinye hatsi tun yana kan kara. In kuma damina ta yi ƙarfi, kamar a 2020 da 2022, ruwan da ya rasa hanya sai ya bi ta cikin gidajen mutane.

A farkon shekarun 1990 waɗansu masana suka zauna suka yi lissafi, suka tarar amfanin da fadamar Haɗejiya da Nguru ke fitarwa daga ko wane ma'aunin ruwa, in an haɗa noma da kifi da itace, ya fi na babban aikin noman rani da aka tare ruwan dominsa nesa ba kusa ba. Abin da masana suka gano da alƙalami, ko wane sarkin ruwa a Guri zai iya faɗa musu da baki tun kafin a aza tubalin farko. Ba a tambaye shi ba ne kawai.

KUƊIN DA SUKA ƁACE A HANNU

Na uku shi ne kuɗi. Kakanninmu da wuri su ke ciniki. Da Turawa suka ci ƙasar nan, Haɗejiya kuwa sai da aka yi yaƙi a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada, suka kawo sule da sisi da kwabo, suka ce da su za a biya haraji. Mai buhunan wuri ya wayi gari da tarin ƙwarya. Wanda ke kusa da Bature da kanti shi ya fara samun sabon kuɗi, shi ya sayi guminmu da arha.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ce daga 31 ga Janairu 2023 tsofaffi sun daina aiki, daga baya aka ƙara kwana goma. Aka kwashe tsofaffin kuɗi, sababbi ba su wadata ba. An ce wai a koma ciniki ta waya. Kowa a cikinku ya san abin da ya biyo baya. Mai tattasai da mai tumatir, waɗanda kayansu ba su jiran gobe, suka sayar a wulakance ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi. Mai banda ya ba da kifi bashi don dole. Mutum ya riƙa ba da naira dubu ko fiye kafin a ba shi dubu goma daga cikin kuɗinsa na kansa. Matar ƙauye mai sayar da nono ko ƙuli, wadda ba ta da asusu, ba ta da waya, ta koma gida da kayanta a ka. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki kafin jama'a su numfasa.

Waɗanda suka tsara wannan abu a Abuja, da sun zo kasuwar kifi ta Haɗejiya sun zauna yini ɗaya, da sun ga cewa bankuna a cikin gari su ke, ciniki kuwa a ƙauye ya ke farawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kada a zarge mu in mun yi tambaya.

ABIN DA KE TAFE

Yanzu ga sababbin baƙi a bakin ƙofa, sai mu dube su ɗaya-ɗaya.

Kuɗin waya sun riga sun zauna. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 abin ke tafiya, yau ba kasuwar da ba ka ganin mai POS a ƙarƙashin laima, ba kuma ɗan kasuwar kirki da bai san OPay ko Moniepoint ba. Kuɗin eNaira da Gwamnati ta fito da su a 2021 ba su karɓu ba, amma waɗannan sun karɓu, domin sun biya wata bukata ta gaske. Dillalin shinkafa yana Legas ya biya ka kana Auyo kafin ka gama alwala. Wannan alheri ne. Sai dai ku lura da abu biyu. Na ɗaya, kuɗin hannu in sun zaga kasuwa sau goma, dubu ɗaya tana nan dubu ɗaya. Kuɗin waya kuwa ko wace tsayawa sai an gutsura, mai POS ya cire nasa, kamfani ya cire nasa, ga harajin naira 50 a kan turawar da ta kai naira 10,000. Ga attajiri ba komai ba ne, amma ga mai tireda wanda ribarsa a kan kaya ba ta wuce ɗari ba, rabin guminsa ke nan. Na biyu, ko wane ciniki da ka yi ta waya yana rubuce a wani wuri. Wanda ke riƙe da wannan littafi ya san abin da ka ke samu fiye da matarka. Da shi za a ba ka rance ko a hana ka, da shi kuma mai haraji zai iya sallama maka. In na'ura ta rufe asusunka bisa kuskure ranar kasuwa, gaban wa za ka kai ƙara?

Ba dole ne abin ya zama haka ba. A ƙasar Brazil babban bankinsu ya kafa hanyar biya mai suna Pix a 2020, mutum ya tura wa ɗan'uwansa kuɗi ba a cire masa ko anini. A Indiya ma, tun 2020 aka ɗauke wa 'yan kasuwa kuɗin karɓar biya ta hanyarsu ta UPI. Ashe gutsurar nan ba daga na'ura ta ke ba, daga masu tsara doka ta ke.

Baƙo na biyu shi ne hasken rana. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da a ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin rani wanda injinsa ke shan fetur safe da yamma ya ji a jikinsa, haka ɗan acaɓa da mai Keke da direban da ke ɗauko kaya daga ƙauye. Sabo da haka injin ban-ruwa mai faifan rana ya zama abin so, gama in ka saye shi ka rabu da gidan mai. Babur da Keke masu batir su ma suna tafe, ƙasarmu kuwa ba ta rasa rana ba. Amma kuɗin sayensa a dunƙule su ke, mai kadada ɗaya ba shi da su. In aka bar abin haka, mai hali zai yi noma da ruwan kyauta, talaka yana noma da ruwan fetur, su kai shinkafa kasuwa ɗaya. Shekara nawa za a yi kafin talakan ya sayar da gonarsa ya koma ɗan ƙodago a cikinta?

Har ila yau akwai wani haɗari. Injin da ba ya cin kuɗi ba a kashe shi. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu, wanda rijiyoyinmu ke sha, ambaliyar fadama ce ke cika shi, ita kuwa mun riga mun faɗi yadda aka rage ta. In manyan gonaki suka kafa rijiyoyin burtsatse masu zurfi suna zuƙa daga hantsi har la'asar, gajerun rijiyoyin ƙananan manoma su za su fara ƙafewa. A lardin Punjab na Indiya an ba manoma lantarki kyauta don ban-ruwa, yau ruwan ƙasarsu ya yi nisa, sai mai kuɗin haƙa ke cim masa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Baƙo na uku sabon jirgin ƙasa ne. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Muna yi wa 'yan'uwanmu na can murna. Amma ku dubi taswira, Haɗejiya ba ta ciki. Ƙasar da ke fitar da shinkafa da alkama da riɗi da kifi, inda aka buɗe aikin noman rani na Auyo a 2023, inda kuma a ƙarshen shekarar aka zo aka ƙaddamar da noman alkama na ƙasa baki ɗaya, duk kayanta a kan taya su ke fita, su da tankokin mai a kan kwalta ɗaya. Ba mu manta da daren Majiya ba, a watan Oktoba na 2024, sa'ad da tankar fetur ta faɗi a kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya ta kama wuta, mutane fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ga tsohon layi nan kwance ta Malam Madori, an riga an share masa hanya tun fiye da shekara casa'in da suka wuce. In an bar shi ya ruɓe, kasuwa za ta bi sabon ƙarfe ta koma yamma, kamar yadda ta taɓa barin birni ta koma tasha.

Baƙo na huɗu ba a ganinsa da ido. Yau daga sama tauraron ɗan'adam yana auna ko wace gona, na'ura tana zana iyakarta. Wannan zai iya kashe rigimar iyaka, zai iya nuna inda ruwa zai bi kafin ya zo, har a hana mutane gina gidaje a kwari, gama garin Haɗejiya ya daɗe da fita daga ganuwa yana cin ƙasa ta ko'ina. Amma ku tuna Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna. Yawancinmu gado mu ke nomawa, shaidarmu dattawa ne da mai unguwa. Ran da fadama ta yi daraja sabo da injin da kanal, ran nan mai babbar riga zai zo da takarda mai hatimi da lamba daga kwamfuta. Gonar da ba a rubuta ba, burtalin da ba a zana ba, mashayar da ba ta shiga taswira ba, a wurin na'ura babu su.

ABIN DA MU KE NEMA

Tun ran gini ran zane. Ga abin da mu ke kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Jigawa su yi, ga kuma abin da za ku tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'arku:

1. Kada a sake taɓa takardun kuɗi ko a taƙaita su sai an zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Kuɗin hannu su zauna tare da na waya, kowa ya zaɓi wanda ya fi masa. A ɗauke haraji daga ƙananan turawa, a kuma buɗe wurin kai ƙara a cikin Haɗejiya, inda za a saurari mutum da Hausa, mutum ya amsa masa.

2. A ba ƙananan manoma injin rana bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, su biya da kaka. A kafa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar sakatariya kowa ya karanta, don kada abin ya ƙare a gidajen 'yan siyasa. A sa ƙa'ida a kan zurfi da yawan rijiyoyin manyan gonaki.

3. Manoma da masunta da makiyaya na ƙasan kogi su sami kujera a inda Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke tsara sakin ruwan Tiga da Challawa. Yashe kogi da cire kachala ya zama aikin ko wace shekara. Gargaɗin ambaliya ya iso wayar ko wane mai unguwa da Hausa, da sauran lokaci.

4. A gyara layin Kano zuwa Nguru, a haɗa shi da sabon, a yi wa Haɗejiya mahaɗi da shi.

5. Kafin a auna fadama don wani babban kamfani, a fara rubuta gonar gado da burtali da mashaya da sunan masu su, ba tare da kuɗin da zai gagari talaka ba.

6. Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su buɗe ƙofa ga makanikai da yaran gareji su koyi gyaran batir da faifan rana, ko ba su da takardar sakandare, don kada injin ya lalace a ce sai an kira wani daga Kano.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ɗaya ba zai sayi injin rana ba, amma goma za su saya. Ɗan kasuwa ɗaya in ya ce kuɗin POS sun yi yawa dariya za a yi masa, amma in kasuwar kifi duka ta faɗa da murya ɗaya, sai a zauna da ita. Ku farfaɗo da ƙungiyoyinku, ku zaɓi shugabannin da ba a saye da buhun taki. Kada ku ba kowa lambar sirrin asusunku, ko ya ce daga banki ya ke. Kada ku dangwala yatsa a kan takardar gona sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita daga farko har ƙarshe. Ku sa 'ya'yanku makaranta, mata da maza, gama wanda bai iya karanta saƙon wayarsa ba, aljihunsa a hannun wani ya ke.

Jirgi ya zo ba a tambayi kakanninmu ba. Madatsa ta zo ba a tambayi iyayenmu ba. Sabon kuɗi ya zo ba a tambaye mu ba. Wannan karo mun ga ƙurar tun daga nesa, muna kuwa da baki, muna da ƙuri'a. Doki mai kyau ne, mun yarda, amma sai mun ga hannun da ke riƙe da linzami kafin mu hau.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, ya kare talaka daga zalunci, amin.